Dan Allah waifai na kuɗi a filin karaban, ya cancanci a biya kuwa?

Maman Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah waɗanda suka saba fita da karaban, wato ɗakin kwana mai taya da ake ja da mota, a nan Birtaniya ku ba ni shawara kafin in zuba kuɗina. Mun kama wuri a wani filin karaban a yankin Yorkshire Dales da ke arewacin Ingila, za mu yi sati ɗaya cikin watan Agusta in Allah ya kai mu, ni da maigida da yara, kuɗin wurin da na wuta duk mun riga mun biya, sai jiya da suka turo imel nake ganin can ƙasa an rubuta wai waifai daban ake biya, fam 5 a rana ko fam 20 a sati, kuma wai kowace na'ura da nata kuɗin. To ga wayata ga ta maigida ga laftof ɗina ga tablet ɗin yara, in na lissafa ai fam 80 kenan akan intanet kawai na sati ɗaya, ko a gida ba ma biyan haka a wata guda.

Ni ba kallon fim ne damuwata ba. Hutun satin gaba ɗaya ne ban samu ba, akwai ranakun da dole in buɗe laftof in yi aiki daga can, kuma akwai mitin na bidiyo a Teams da ba zai yiwu in ce netwok ya yanke ba, da wannan sharaɗin ma aka yarda min in tafi. Shi ne nake tambaya, irin wannan waifai ɗin na kuɗi yana aiki kuwa yadda mutum zai dogara da shi? Kuma me ya sa suke karɓar kuɗi a kai tunda har cikin bas da jirgin ƙasa ana samu kyauta? In da wata hanyar da ta fi, dan Allah ku faɗa min. Na gode.

Baban Khalifa:

Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Haɗa netwok a ofisoshi shi ne aikina kuma mu ma muna jan karaban, bari in faɗa miki yadda abin yake sai ki yanke shawara.

Fam 20 ɗin nan ba gudu kika saya da shi ba, izinin shiga kawai kika saya. Gudun ya danganta da abu biyu ne, layin da ya shigo filin daga waje, da kuma siginar da ke tsakanin sandar da suka ɗora na'urar waifai a kai da karaban ɗinki, kowanne a ciki ya samu matsala kin biya a banza.

Layin da ya shigo shi ne babba. Kamar famfo ɗaya ne unguwa guda ke ɗiba, da safe in ba kowa ruwa na zuwa da ƙarfi, da yamma in kowa ya fito da bokitinsa sai ɗigo. Yawancin filayen nan a ƙauye suke, cikin kwari ko bayan gona, kuma har yanzu akwai waɗanda tsohuwar wayar tagulla ce ke kai musu intanet. Irin wannan layin na ADSL ko kana maƙale da ofishin tarho ne gudunsa bai wuce megabit 24 a daƙiƙa ba, kuma duk nisan da aka ƙara raguwa yake yi. Wanda ya ɗan fi shi, wanda fayiba ke zuwa akwatin bakin titi sannan tagulla ta ƙarasa, iyakarsa 80 ne wajen saukewa, 20 wajen turawa. Ita kanta gwamnati abin da ta ce kowane gida da wurin kasuwanci na da haƙƙin nema tun watan Maris na 2020 megabit 10 ne na saukewa da 1 na turawa, kin ga kenan akwai wuraren da ko wannan ɗin sai da doka ta shigo. To Netflix da kansu sun ce hoto mai kyau na HD yana son megabit 5. Ki ɗauka ma filin na da 80 ɗin cif, talabijin 16 sun shanye shi, alhali filin na iya samun karaban 100 a watan Agusta kuma kowace da waya uku huɗu a ciki.

Abin da mutane ba sa lura da shi kuma shi ne turawa, wanda shi ne ya shafe ki tunda a mitin hotonki da muryarki fita suke yi. Kowa ya wuni yana ɗaukar hoton tsaunuka da tumaki, yana dawowa wayarsa ta ga waifai sai ta fara kwashe hotunan tana turawa iCloud ko Google Photos ba tare da ya sani ba, waya hamsin su yi haka lokaci ɗaya, shikenan hanya ta toshe. Abin da zai ɗan taimake ki shi ne mitin da rana ake yi, lokacin yawanci mutane sun fita yawo filin ya yi shiru. Sai dai fa in ruwa ya sauko, kuma Dales ce kin san halinta, ranar kowa na cikin karaban ɗinsa yara na kallon katun tun safe.

Sai sigina. Waifai na tafiya a kan 2.4 GHz da 5 GHz, na farkon ya fi zuwa nesa amma cunkoso ya yi masa yawa, na biyun ya fi gudu amma ba ya jure bango da nisa. Karaban da yawa jikinsu alminiyam ne, ƙarfe kuwa tare sigina yake yi, shi ya sa za ki ga a waje kan kujera yana aiki kina shiga ciki ya mutu. Ganyen bishiya in ya jiƙe shi ma yana cinye ta, haka motar maƙwabci in ta tsaya tsakaninki da sandar. Kuma kar layukan nan uku da waya ke nunawa su ruɗe ki, su suna nuna wayar na jin sandar ne kawai, sandar tana da ƙarfi wayarki ba ta da shi, tana iya jinta amma amsarta ba ta isa can.

Shawarata kar ki sayi na sati tun daga gida. Ki kira su tukuna ki tambaye su wane irin layi ne ya shigo musu, fayiba ce har cikin filin ko tagulla, ina sandunan suke, kuma za su iya ba ki wurin da ke kallon sanda kai tsaye. In kun isa ki sayi na kwana ɗaya a laftof kaɗai, ki gwada gudun daidai lokacin da za ki riƙa yin mitin, ki sake gwadawa da daddare wajen ƙarfe takwas. Kuma ki kula, tunda da na'ura suke lissafi, lambar MAC suke riƙewa, wato lambar da netwok ke gane kowace na'ura da ita, wayoyin yanzu kuwa tun daga Android 10 da iOS 14 lambar aro suke nunawa kowane netwok, in kika danna wayar ta manta da netwok ɗin kika sake shiga lambar na iya canjawa sai shafin ya ɗauke ki sabon mutum ya ce ki sake biya. Ki ajiye risit da lambar da suka turo miki.

Hajiya Uwa:

Ni kam Maman Hanifa gaskiya abin nan yana ɓata min rai. An karɓi kuɗin wuri mai yawa a lokacin hutun makaranta, an karɓi na wuta, wasu har rumfar da za ka kafa a gefen karaban da motar ta biyu sai ka biya, sannan a zo a ce intanet ma kowace waya da kuɗinta. Haba. A zamanin da tikitin shiga wuri da taswira da hasashen yanayi da banki duk a waya suke, wannan ai ba kayan alatu ba ne.

Amma ba ma karɓar kuɗin ce ta fi ƙona min rai ba, a karɓa kuma abin ya ƙi aiki. Ya faru da mu a wani fili a Cornwall, na biya na sati, ko saƙon murya na WhatsApp ba ya fita sai na taka har bakin risefshan na tsaya a waje cikin iska. Da na yi magana yarinyar da ke wurin ta ce wai ba nasu ba ne na wani kamfani ne daban, kuma ai an rubuta ba a yi alƙawarin gudu ba. Na ce to ba gudu nake nema ba, motsi nake nema. Na riƙa ɗaukar hoton fuskar waya duk lokacin da na gwada da agogo a jiki, na rubuta wa kamfanin da sunansa ke kan risit ɗin, na ambata musu Consumer Rights Act ta 2015, wadda ta ce duk wanda ya sayar maka da aiki dole ya yi shi da kulawa da ƙwarewa gwargwado, in bai yi ba ya gyara ko ya rage maka kuɗi. Sun dawo min da kuɗina. Kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski.

Don haka ƙanwata in za ki biya ki biya da kati, ki duba sunan wa ke kan risit ɗin don shi za ki bi, kuma ki yi ƙorafin tun kina can kar ki bari sai kin dawo gida. Kariyar nan ta sashe na 75 na dokar katin bashi, wadda ke sa mai katin ya biya ka in mai sayarwa ya saɓa, ba za ta yi miki aiki a nan ba don sai abu ya haura fam 100 take farawa, amma bankinki na iya nemo miki kuɗin ta hanyar chargeback, wato ya janyo kuɗin da aka cira a katin, in sun yi kunnen ƙashi. Mutane suna ganin fam 20 ne kawai su haƙura, su kuma da haƙurin nan namu suke ci gaba.

Kawu Sale:

Hajiya Allah ya huci zuciyarki, maganar a mayar da kuɗi in abu bai yi aiki ba ina bayanki ɗari bisa ɗari. Amma a kan cewa bai kamata a karɓi kuɗi ba sam, a nan ina da ja.

Ni ƙananan filaye na fi zuwa, irin waɗanda Caravan and Motorhome Club ke ba wa shaida, karaban biyar kacal aka yarda su ɗauka, yawanci manoma ne suka ware gefen gona. Na sha zama da masu su muna hira. Kai intanet cikin fili ba kamar ka sa rauta, na'urar da ke raba waifai, a falo ba ne. Sai an haƙa rami an binne waya ta ratsa ciyawa da hanyar mota, a kafa sanduna a kai musu wuta, a sa na'urorin da za su jure ruwa da iska da sanyi, tsawa ta faɗo ta ƙona ɗaya a sayo wata, ga kuɗin layin wata-wata wanda kamfani ba ruwansa da cewa filin a rufe yake duk lokacin hunturu. Shagon shayi da ke ba ka kyauta ɗaki ɗaya ne a tsakiyar gari inda fayiba ke bin ƙofarsa, kuma awa ɗaya za ka yi ka tashi, ba za ka kwana kana kallon fim a kansa ba.

Sannan wanda ake cewa kyauta ɗin, ai a cikin kuɗin wuri aka zuba shi, kowa ya biya ko ya yi amfani ko bai yi ba. Ni da iyalina in mun fita, fita muka yi, waya ta kira ce kawai, me zai sa in biya wa wani kallon ƙwallonsa? Gara a raba min, ga kuɗin wuri ga na intanet, mai so ya ɗauka. Kuma na lura inda aka sake shi kyauta ba iyaka nan ne ya fi lalacewa, don kowa zai jona duk abin da ya zo da shi har da na'urar wasan yara ta kwana tana sauke abu. Tsarin da na ga ya fi adalci shi ne wanda wasu filaye ke yi yanzu, ƙarami kyauta na saƙo da imel, mai son kallo ko aiki ya biya a ƙara masa.

Inda zan yarda da ke shi ne farashin ba shi da linzami. Wutar lantarki akwai ƙa'idar Ofgem, hukumar kula da makamashi, in mai fili yana sayar maka da ita ta mita ba shi da ikon ya ɗora riba a kan yadda ya saya. Wannan ƙa'idar ta wuta da gas ce, waifai ba ya ciki, shi ya sa za ka ga wani fili kyauta, na kusa da shi fam 5 a rana. Kuma fam 80 a iyali ɗaya gaskiya ya yi yawa ko a wurina.

Maman Hanifa abu ɗaya zan ƙara miki 'yata, in kika tarar babu sabis ɗin waya sam a wurin, to ki biya wa waya ɗaya ko ba don aiki ba, ki kunna kira ta waifai a saitin wayar, yawancin layuka suna da shi yanzu, kira da tes za su riƙa shigowa ta nan. Mai tsofaffi a gida ko mara lafiya bai kamata ya yi sati ba a iya samunsa ba.

Maman Hanifa:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Baban Khalifa na kira su yau da safe kamar yadda ka ce, matar ta yi min bayani tsakani da Allah, ta ce fayiba ba ta iso su ba tukuna, sandunansu biyu ne ɗaya a risefshan ɗaya kusa da banɗakuna, kuma da bakinta ta ce da daddare yana nauyi sosai. Ta ce za ta yi ƙoƙari ta sa mu kusa da ta risefshan amma ba ta yi alƙawari ba. Na kuma sa lambar gidan waya ta yankin a taswirar sabis ɗin waya ta Ofcom, hukumar kula da sadarwa, layin da nake kai ya nuna da ƙyar ne ko a waje, amma akwai wani kamfanin da ya nuna yana da kyau a waje, a cikin ɗaki kuma sama-sama. To yanzu ya zan yi, in sayi sim ɗinsu in sa a tsohuwar waya in yi hosfot, wato wayar ta raba wa laftof intanet ɗinta, ko sai na sayi rauta? Giga nawa zai ishe ni? Kuma laftof ɗin na wurin aiki ne akwai VPN a kai, manhajar tsaro da ke haɗa shi da netwok ɗin ofis, ban sani ba ko zai yarda da irin waifai ɗin nan mai shafin shiga. Hajiya na gode da maganar risit, Kawu in sha Allah zan kunna kiran.

Baban Khalifa:

Madalla, matar nan ta kyauta da ta faɗa miki gaskiya, kuma amsarta ta riga ta nuna miki kar ki ɗora mitin ɗinki a kan waifai ɗinsu shi kaɗai.

Sim ɗin za ki saya. Masu turakun waya a ƙasar nan su ne EE da O2 da Vodafone da Three, biyun ƙarshen ma sun haɗe a 2025, duk sauran sunayen da kike gani haya suke yi a kan waɗannan. giffgaff da Tesco Mobile a kan O2 suke, Lebara da Voxi a kan Vodafone, Smarty da iD Mobile a kan Three, 1pMobile a kan EE. Amfanin sanin wannan biyu ne, na farko kar ki je ki sayi sabon sim ashe turakun da kike kai ne dai aka canja wa suna, na biyu kina iya samun kamfanin da taswira ta nuna miki ta hannun ɗan haya da araha. Ki nemi na kwana 30 wanda ba kwantiragi, ki karanta ki tabbatar sun yarda da hosfot, kuma ki kunna shi tun a gida ki ga yana aiki, kar sai kin je inda ba sabis ki ce za ki yi rajista. Ki duba layin maigida ma, wataƙila shi yana kan wanda ke da kyau ɗin kin huta.

Tsohuwar waya ta isa in dai tana da 4G kuma ba a kulle take a kan wani kamfani ba, don 3G an kashe shi a ƙasar nan, da shi ne ake ɗan lallaɓawa a ƙauye yanzu babu. Dabarar ita ce inda za ki ajiye ta. Tunda taswira ta ce a waje ne yake da kyau, ki sa wayar a jikin taga ta ɓangaren da ya fi kamawa ko a tagar rufi, tagogin karaban roba ne sigina na ratsa su, ke kuma ki zauna inda kike so da laftof. Ki bar ta a caji amma kar rana ta buge ta, in ta yi zafi da kanta take rage gudu. In kebul ɗinki zai kai, haɗa ta da laftof ta USB ya fi hosfot tsayawa daram. Rauta mai eriya a kan rufi ita ce ta fi duka, don eriyar tana waje sama da ƙarfen kuma tana aiki da batirin karaban na bolt 12, amma wannan sai in kun ga fitar za ta zame muku jiki, ba na sati ɗaya ba ne. Haka Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, yana aiki inda babu turke ko ɗaya in dai sama a buɗe take ba bishiyoyi, amma kuɗin kwanon da na wata ya wuce buƙatarki. Abin da zan ce ki guje shi ne na'urorin ƙara sigina masu araha da ake tallatawa a intanet, Ofcom na da ƙa'ida a kansu kuma waɗanda ba su cika ta ba amfani da su laifi ne don suna dagula wa wasu layi.

Sai dai kar ki ɗauki taswirar nan kamar yankan wuƙa, lissafin kwamfuta ne ba wani ne ya je ya tsaya a wurin da waya ba, kuma a Dales tudu ɗaya ya isa ya raba ki da turke. An yi yarjejeniyar Shared Rural Network a 2020 tsakanin gwamnati da kamfanonin don 4G ya kai kashi 95 cikin 100 na faɗin ƙasar, abin ya gyaru sosai a wurare da yawa, amma cikin kwari har yanzu sai a hankali. Kuma turken ƙauye da aka kafa don mutanen ƙauyen, a watan Agusta baƙi ne ke cika shi, shi ma yana nauyi. Shi ya sa nake so ki riƙe biyun, sim ɗin shi ne na farko, waifai ɗin filin na kwana ɗaya-ɗaya a ranakun aiki kawai shi ne na ko-ta-kwana. Kin ga maimakon fam 80 kin dawo fam 5 sau adadin ranakun aikinki da kuɗin sim.

Maganar giga, ki ware kamar giga 1 ga kowace awa ta mitin mai bidiyo, in kika kashe kyamara abin da zai ci kaɗan ne ƙwarai kuma murya ta fi fita tas, don haka in kin ji ya fara sarƙewa kyamarar za ki fara kashewa, hotonki da na sauran masu mitin ɗin. Imel da takardu ba sa cin komai. Masu cinye data su ne kallo, Netflix a HD na iya cin giga 3 a awa.

VPN kuma, matsalar da ake samu ita ce shafin shigan yana so ya buɗe kafin a ba ki intanet, shi kuma VPN yana so ya rufe komai kafin ki buɗe wani shafi, sai su tsaya suna kallon juna. In naki irin wanda kike kunnawa da kanki ne, ki fara shiga shafin ki sa lambar sannan ki kunna shi. In kuwa mai kunna kansa ne, ki tambayi masu kula da kwamfutocin ofishinku tun yanzu, ki kuma tambaye su ko ma an yarda a hau waifai na jama'a da laftof ɗin, wasu wuraren aikin sun hana musamman masu riƙe bayanan mutane. Ta hosfot ɗinki babu wannan rigimar gaba ɗaya.

Wani zai ce miki akwai ƙaramar rauta ta tafiya da ke kama waifai ɗin fili da biyan na'ura ɗaya ta raba wa duk gidan. Gaskiya ne akwai kuma tana aiki, har tana taimakon talabijin da irin su Fire Stick da ke wahala da shafin shiga. Amma ki karanta sharuɗɗansu, in sun rubuta ba a yarda a raba ba kuma kika danna kin amince, to ya zama amana, ni ba zan ce ki yi ba.

Ummi:

Sannunku iyayena. Anti Maman Hanifa ni ta ɓangaren yara zan yi magana don ni ce ake bar wa ƙannena in mun fita, tablet ɗin nan kar ki biya masa ko fam ɗaya wallahi, daren da za ku tafi ki cika shi da katun a gida, Netflix da iPlayer duk suna bari a sauke a kalla ba intanet, kawai ki buɗe su ki gwada da yanayin jirgi kafin ku fito don wani lokacin sai ya ce sai an sake shiga akawun kuma a can ba hali. Kar ki sauke tun da wuri sosai don wasu suna da wa'adi suna ƙarewa. Kuma kar ki ba su lambar hosfot ɗin ko sau ɗaya, in tablet ya riƙe ta da kansa zai riƙa hawa kina tsakar mitin.

A laftof ɗin in Windows ne ki shiga saitin hosfot ɗin ki sa masa alamar cewa data a ƙirge take, zai rage sauke manyan sabuntawa a ɓoye, wayoyin ma ki tsayar da tura hotuna sai kun dawo. Ki sauke taswirar yankin a Google Maps tun a gida don hanyoyin Dales akwai inda za ku yi tafiya mai nisa ba sabis ko ɗigo. In za ku hau tsauni, kiran gaggawa na 999 yana bi ta kowane kamfani da ke da sigina a wurin ko ba naki ba ne, kuma ana iya yi musu tes amma sai kin yi rajista tukuna, ki tura kalmar register zuwa 999 ki bi abin da suka ce, minti biyu ne.

Kuma Anti ki tanadi wuri na uku saboda ranar mitin mai muhimmanci, in kin tashi da safe kin ga duka biyun sun ƙi. Laburaren gwamnati suna da waifai kyauta da tebur da soket, garuruwa irin su Skipton da Settle duk akwai, ki duba wanda ya fi kusa da filinku da minti nawa ne a mota. Sai dai ki duba ranakun buɗewarsu tun yanzu don ƙananan ba kullum suke buɗewa ba wasu kuma rabin rana suke yi, ki kuma kira ki tambaya ko akwai ɗaki ko lungun da za ki iya magana a mitin ba ki dami masu karatu ba, ki tafi da iyafis ɗinki.